Da wace tiya za a auna koren aiki a Nijar?

Kwanakin baya gwaggona, wadda ke jagorantar wata ƙungiyar mata masu adashi a Tawa, ta ba ni wani labari da har yanzu bai bar raina ba. Sun ji an ce wani banki ya samu kuɗi daga waje domin bayar da bashi mai rangwame ga ayyukan da ke kare muhalli, sai suka haɗa takardunsu suka je. Buƙatarsu ita ce su sari tukwanen gas da kawunan girki, su raba wa ƴan ƙungiya, kowace ta riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta gama. Ma'aikacin bankin ya karɓe su da mutunci, ya duba takardun, sannan ya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, abin ba daga gare mu yake ba. Masu kuɗin sun aiko da jerin ayyukan da za a ba wa bashin, gas kuwa ɗan'uwan fetur ne, ba ya ciki." Ta ce masa: "To ɗana, itacen da muke ƙonawa safe da yamma fa, da wa za a tambaya game da shi?" Bai samu abin da zai ce mata ba.

Ban ga laifin ma'aikacin ba, domin abin da aka rubuta masa ya karanta. Damuwata tana kan jerin kansa, da waɗanda suka rubuta shi, da irin ƙasar da suke gani a zuciyarsu lokacin da suke rubutawa.

Matsayina shi ne wannan. Ina goyon bayan a samu jadawalin da ke rarrabe ayyukan tattalin arziki bisa tasirinsu ga yanayi, kuma ina ganin rashinsa ya fi samunsa haɗari. Amma jadawalin da aka kwafo daga ƙasashen masana'antu, wanda tambayarsa ta farko ita ce yawan hayaƙin da aiki ke fitarwa, zai karkatar da kuɗin daga inda aka fi buƙatarsu a Nijar. A wurinmu dole tambayoyi biyu su zo gaba: me wannan aikin ya zo ya maye gurbinsa, kuma shin yana taimakon mutane su jure fari da ambaliya da zafin da suka riga suka iso?

Abin da jadawalin yake

Tun da Bankin Zuba Jari na Turai ya sayar da takardun lamunin muhalli na farko a 2007, Bankin Duniya kuma ya bi sahu a 2008, kuɗin da ake tarawa da sunan kare yanayi suka yi ta ƙaruwa, da su kuma ƙarya ta ƙaru. Kamfani zai dasa ƴan itatuwa a bakin ƙofarsa ya ce shi ma mai kare muhalli ne, a ba shi kuɗi mai arha. Domin toshe wannan kafa aka fara rubuta jadawalin da masana ke kira taksonomi, wato jerin ayyuka da sharuɗɗan da kowane zai cika kafin a kira shi kore, wato mai kare muhalli.

Wanda ya fi suna shi ne na Tarayyar Turai, da aka mai da shi doka a 2020. Yana da manufofi 6: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, jure sauyin yanayi, kare ruwa, sake sarrafa kayan da aka yi amfani da su, hana gurɓata muhalli, da kare halittu da mazauninsu. Kafin a amince da aiki sai ya ba da gudummawa mai yawa ga ɗaya daga cikinsu, bai yi wa sauran mummunar illa ba, kuma bai tauye haƙƙin ma'aikata da jama'a ba. Akwai alƙaluma a ciki, misali yawancin hanyoyin samar da lantarki ba za su wuce giram 100 na hayaƙi a kan kowane kilowat na awa guda ba. China tana da nata jerin tun 2015, Afirka ta Kudu ta fitar da nata a 2022, Ruwanda da Ghana da Kenya suka biyo baya.

A yankinmu na sefa ma an shiga harkar. Bankin raya ƙasashen yankin, BOAD da ke Lome, ya tara yuro miliyan 750 a farkon 2021 ta hanyar takardun lamuni na ci gaba mai ɗorewa, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Abijan kuma ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan takardu. Saboda haka maganar ta riga ta zo ƙofar gidanmu, kuma abin da aka rubuta a waɗannan ofisoshi shi ne zai bayyana a tagar banki a Tawa da Ƙonni da Madawa.

A fara daga murhu

Fiye da gidaje 9 cikin 10 a Nijar da itace ko gawayi ko kara ko kashin shanu suke girki. Duk wanda ya tsaya a hanyoyin shiga Yamai da sassafe ya ga manyan motoci da amalanken jakuna da raƙuma ɗauke da itace, kuma kowace shekara sai an ƙara nisa kafin a samo shi. A ƙauyukan Adar mace tana cin rabin yininta a neman abin hura wuta, idan ta rasa sai ta kwashe karan gona da kashin dabbobi, waɗanda su ne ya kamata su ruɓe su koma taki. Gonar ta tsiraita, iska ta kwashe ƙasar sama, amfani ya ragu. Bayan haka ga hayaƙin da ke cika madafa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙarsa.

A cikin wannan hali, tukunyar gas guda da ta shiga gida tana nufin itatuwan da ba a sare ba, da karan da ya zauna a gona, da ƙirjin da ya huta. Gas ɗin ma namu ne, tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 take fitar da shi tare da fetur da gazuwal. Gaskiya ne daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, gaskiya ne kuma yana fitar da hayaƙi idan an ƙona shi. Sai dai wanda ya rubuta cewa duk ɗan'uwan fetur ba ya shiga jerin, yana kwatanta gas ne da murhun lantarki da ke ɗakin girkinsa, mu kuwa da duwatsu uku da guntun gawo muke kwatanta shi. Tiyar da ake awon gero da ita a Tawa ba lallai ta yi daidai da ta wata kasuwa ba, kuma mai hankali yakan tambayi girman tiya kafin ya yi ciniki.

Za a ce me zai hana a tsallake gas a wuce kai tsaye ga girki da lantarkin hasken rana. Ina fatan ganin ranar. Amma a yau kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da lantarki a ƙasar nan, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, kuma waɗanda ke da shi a birane sun san abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga Najeriya. Tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar tana son wuta mai ƙarfi na tsawon lokaci. Idan aka ce mace ta jira har lantarki ya wadata, to an ce ta ci gaba da saran daji na wasu shekaru masu yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su kansu Turawan sun yi wa kansu wannan sassaucin. A 2022 suka ƙara gas da makamashin nukiliya a cikin jadawalinsu a matsayin ayyukan wucin gadi, bisa wasu sharuɗɗa, abin ya fara aiki a farkon 2023, har ƙasar Ostiriya ta kai ƙara kotu. Sun duba halin da masana'antunsu da gidajensu ke ciki, suka ga ba za su iya barin kwal dare ɗaya ba tare da wani tsani ba. Ban zarge su a kan haka ba. Ina cewa ne idan ƙasar da mutum guda ke fitar da tan 6 ko 7 na hayaƙi a shekara ta cancanci tsani, to ƙasar da rabon mutum guda na hayaƙin ƙona mai da kwal yake kimanin kashi ɗaya cikin goma na tan ta fi cancanta.

Shanun Azawak

Idan aka buɗe lissafin hayaƙin Nijar, za a tarar mafi yawansa daga noma da kiwo da sauyin amfani da ƙasa yake fitowa, masana'antu da motoci kaɗan ne. Saniya da raƙumi da tunkiya suna fitar da iskar metan mai ɗumama duniya idan suna tuƙa, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya ɗauki jadawalin da ke kallon hayaƙi kaɗai zai kammala cewa makiyayin Abalak ko Cintabaradan shi ne babban mai laifi a ƙasar, kuma bankin da ke son a ga yawan korayen basussukansa zai guje shi.

Amma a arewacin iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ruwan sama bai isa a shuka gero ba, kuma kiwo na yawo shi ne hanyar da mutane suka gano tun kaka da kakanni ta mai da ciyawar da ke fitowa nan yau can gobe ta zama nono da nama da kuɗi. Dabbar da ke tafiya tana baza taki da irin ciyawa, ba ta daɗe a wuri ɗaya balle ta cinye shi ƙurmus. Binciken da aka yi a yankin Ferlo na Senegal ya nuna cewa idan aka haɗa lissafin shekara guda, da abin da dabbobi suka fitar da abin da ƙasa da itatuwa suka zuƙe, sai a tarar sun kusa yin daidai. Wannan kiwo dabam yake da na shanun da ake tsarewa dubbai a fili guda ana ciyar da su waken da aka share daji aka noma.

Jadawalin da ya san ƙasar nan zai sa rijiyoyin makiyaya, da shata burtali, da rumbunan abincin dabbobi, da allurar rigakafi, da hanyoyin kashe gobarar daji a sahun farko na ayyukan jure sauyin yanayi. Dokar kiwo ta 2010 ta riga ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙi ne. Bai dace ƙa'idar banki ta zo ta bayan gida ta mai da shi aibi ba. Kuma akwai inda aka riga aka gwada: Kolambiya, da ta fitar da nata jadawalin a 2022, ta sa noma da kiwo da gandun daji a cikinsa da matakan gyara da manomi zai bi sannu a hankali, alhali Tarayyar Turai ta cire noma daga jerin farko da ta fitar a 2021 saboda an kasa daidaitawa.

Wanda ya yi aikin ba shi da takarda

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Idan ana neman aikin da ya zuƙe hayaƙi kuma ya taimaki talaka ya jure fari, da wuya a samu wanda ya kai abin da manoman Nijar suka yi da hannunsu. Tun daga shekarun 1980, manoma a Maraɗi da Damagaram da Tawa suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna zaɓar mai ƙarfi su sassabe sauran, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen itace miliyan 200, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. A kwarin Majiya an fara dasa layukan bedi masu tare iska tun 1975. A Keita, daga 1984, mata da maza suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan tuddai da bakin ƙoramu domin tsayar da ruwa. A Illela da Badagishiri ramukan tara ruwa na tassa da rabin-wata sun mai da faƙon da aka yi watsi da shi ya zama gonar da ake saye da sayarwa.

Duk wannan aiki, da za a kai shi tagar banki a yau, yawancinsa ba zai samu shiga ba. Sharuɗɗan suna neman shaidar da aka rubuta: lissafin hayaƙi kafin aiki da bayansa, rahoton tasiri ga muhalli, takardar mallakar fili, da wani mai bincike na waje da zai sa hannu. Kuɗin ɗaukar mai binciken kaɗai zai iya ninka bashin da manomi ke nema. Sakamakon a bayyane yake, kuɗin za su tafi ga manyan ayyuka ƴan kaɗan da ke da lauyoyi da akantoci, mai eka biyu da jaki guda kuma ya koma wurin ɗan kasuwar da zai ba shi bashi da damina ya karɓi hatsi da kaka a farashin da ya ga dama.

Ba na raina manyan ayyuka. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, lokacin da Yamai ke cikin tsananin duhu, abin alfahari ne, kuma muna buƙatar irinsu da yawa. Sai dai su ba su da matsalar shiga kowane jadawali. Wanda ke buƙatar a buɗe masa ƙofa shi ne ƙaramin.

Kuma nauyin takardun bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A farkon 2025 hukumar Tarayyar Turai da kanta ta gabatar da shirin rage yawan rahotannin da ake neman kamfanoni su bayar, saboda ƙananan kamfanoninsu sun yi ta kuka. Abin da ya yi wa kamfanin Jamus nauyi, ban ga yadda za a ɗora wa ƙungiyar manoman albasa a Galmi ba.

Mafita tana nan. Ga bashin da bai wuce wani adadi ba, a rubuta jerin ayyukan da aka amince da su kai tsaye, a bar ma'aikacin asusu ko malamin gona ya je ya gani da idonsa ya ɗauki hoto. A karɓi shaidar ƙungiya a madadin ta mutum ɗaya-ɗaya, a karɓi takardar da kwamitocin filaye na ƙauyuka ke bayarwa tun bayan dokar karkara ta 1993. Hotunan tauraron ɗan'adam ne suka tabbatar wa duniya cewa itatuwan Maraɗi da Damagaram sun dawo, kuma cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ta daɗe tana aiki da irinsu. Abin da ya isa shaida ga masana ya isa shaida ga banki.

Sola ma a yi mata tambaya

Akwai wani gefen da masu sha'awar kore ba su cika son a taɓa ba. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana yana shiga kowane jadawali ba tare da gardama ba, kuma lalle ya sauƙaƙa wa masu noman rani, domin kuɗin mai ne ke cinye ribar albasa. Amma mai injin fetur yana kashe shi da zarar fangalinsa ya cika, saboda kowane minti kuɗi ne. Mai sola ba abin da ke hana shi barin ruwa ya kwarara daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Idan ɗaruruwan irinsa suka jeru a fadama ɗaya, a Tarka ko a Majiya, ruwan ƙasa zai iya yin ƙasa, kuma wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai guga da rijiyar da ba ta da zurfi. Haka kuma batura masu dalma da suka mutu, waɗanda ake fasawa a bayan gida inda yara ke wasa.

A nan sharaɗin Turawa na cewa kada aiki ya gyara abu ɗaya ya ɓata wani yana da amfani ƙwarai, kuma ina so mu ɗauke shi yadda yake. A ƙasar da ruwa ne ran komai, bashin sola ya kamata ya zo da tankin ajiya ko bututun ɗiga, da sanin yawan rijiyoyin da fadama za ta iya ɗauka, da wanda zai karɓi baturin idan ya gama aiki.

Abin da za a ce mini

Na farko, za a ce jadawalin ba ya hana kowa bashi, suna ne kawai yake raɗa wa ayyuka, wanda bai shiga ba sai ya nemi bashi na yau da kullum. A kan takarda haka ne. Amma a ƙasar da bashi na dogon lokaci ya yi ƙaranci, kuma ruwan da asusun ƙananan basussuka ke ɗorawa yake da tsada, kuɗi masu rangwame daga manyan bankunan raya ƙasa suke zuwa, su kuwa suna ƙara ɗaure kuɗinsu da wannan suna. Bankin Zuba Jari na Turai ya yanke shawara a 2019 cewa zai daina ba da kuɗi ga ayyukan man fetur da gas da kwal, a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 kuma ƙasashe da cibiyoyi da dama suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a irin waɗannan ayyuka a ƙasashen waje. Wanda aka bari a wajen jerin, a aikace an bar shi da bashin da ba zai iya biya ba.

Na biyu, za a ce idan kowace ƙasa ta rubuta nata, masu zuba jari ba za su yarda da shi ba, za su ce mun sassauta wa kanmu. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na so a yi watsi da ita. Amsarta ita ce a riƙe ginshiƙan da kowa ya sani, wato gudummawa ta gaske, rashin cutar da sauran manufofi, da kare haƙƙin jama'a, sannan a sa alƙaluma da misalan da suka dace da ƙasar, a kuma bayyana hujjar kowane a fili. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun yi haka a 2021 da jadawali mai launi uku: kore ga aikin da ya cika sharaɗi, ruwan ɗorawa ga wanda ke kan hanyar gyara, ja ga mai cutarwa. Masu kuɗi ba su gudu ba. Gas ɗin girki a wurinmu gidansa ruwan ɗorawa ne, da wa'adin da za a sake dubawa, da sharaɗin cewa na madafar gida ne da masu tuyar ƙosai da gidajen burodi.

Na uku shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci. Za a ce idan aka buɗe wa gas ƙofa, gobe kwal zai shigo, jibi kuma ɗanyen mai. Muna da kwal a Anu Araren da ke ba Agadas da ma'adinan Arlit wuta shekaru da dama, muna da na Salkadamna a nan jihar Tawa da aka daɗe ana maganar gina masa tasha, muna kuma da bututun mai na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Ra'ayina a nan ba shi da kwana. Ƙasar da yawancin mutanenta ke kwana cikin duhu tana da ikon yanke shawarar amfani da kwal ɗinta da manta, kuma wannan muhawara ce da ƴan ƙasa za su yi a tsakaninsu. Amma kada a shafa musu koren fenti. Tashar kwal tana fitar da hayaƙin da ya ninka ma'aunin giram 100 kusan sau goma, kuma ko China, da ta fi kowa ƙona kwal, ta cire shi daga jerin takardun lamunin muhallinta a 2021. Idan za a gina, a gina da kuɗin da aka nema da sunansa na gaskiya. Ranar da muka kira kwal kore, ranar ce za a daina sauraronmu a kan gas ɗin girki da shanun Azawak, kuma masu tsoron buɗe ƙofar za su zama sun yi gaskiya.

Akwai kuma ƴan kasuwa da manoma da yawa da ba sa kusantar banki saboda gudun riba. Jadawalin aikin yake dubawa, bai damu da siffar yarjejeniya ba, don haka ba abin da zai hana a sayo injin ko tukunyar a sayar wa mutum da ƙarin da aka yi ittifaƙi a kansa ya biya sannu a hankali. Indonesiya ta sayar da sukuk na muhalli, wato takardun lamuni na Musulunci marasa kuɗin ruwa, tun 2018.

Wa zai zauna a teburin

Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar yammacin Afirka, babban bankinsu yana Dakar, hukumar kasuwar hannun jari tana Abijan, bankin raya ƙasa yana Lome, dukkansu a bakin teku. Matsalar mai gonar koko da ta mai kamun kifi a teku gaskiya ce, amma ba ita ce matsalar mutumin Buza ba. Mu abin da muke gani shi ne damina da ke makara ta yanke da wuri, da ruwan da ke zubowa a dare ɗaya ya tafi da unguwa, kamar ambaliyar 2020 da ta fasa shingen kogin Kwara a Yamai, da ta 2024 da ta kashe fiye da mutum 300 ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram. Magudanun ruwa, da gyaran ƙoramu, da irin shuka mai saurin nuna, da rumbun tsimi, da inshorar amfanin gona, su ne ya kamata su cika shafukan farko na jadawalinmu.

Muna da mutanen da za su rubuta shi. Akwai majalisar muhalli ta ƙasa, CNEDD, akwai cibiyar binciken noma ta INRAN, akwai majalisun manoma da ƙungiyoyin makiyaya, akwai jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, wanda ya jagoranci ofishin makamashin hasken rana na ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da duniya ba ta damu da maganar ba. Abin da nake nema shi ne kada a kira su bayan an gama rubutu domin su tafa. A zauna da su tun daga daftarin farko, tare da shugabannin ƙungiyoyin mata da na masu noman rani, waɗanda su ne za su tsaya a gaban taga.

Bayan an rubuta, a fassara jerin da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, a karanta shi a gidajen rediyon ƙauyuka, domin mutum ya san abin da ya cancanta kafin ya biya kuɗin mota zuwa birni. Sannan a wajabta wa duk bankin da ya karɓi irin waɗannan kuɗi ya buga a ƙarshen kowace shekara nawa ya bayar, ga wane irin aiki, a wace jiha, nawa ne ya je hannun mata, kuma buƙatu nawa ya ƙi da dalilin ƙin. Daga waɗannan alƙaluma ne za a riƙa gyara jerin duk bayan shekara biyu ko uku, a ƙara abin da aka manta, a cire abin da wa'adinsa ya cika.